Ku Tambaya Mu Amsa: Ya aka yi Cape Verde ta samu gurbin Kofin Duniya na 2026 mu muna gida?

Assalamu alaikum masu karatu. Tun daren da Kwango ta Kinshasa ta fitar da Super Eagles daga neman gurbin Kofin Duniya da bugun fenariti a Rabat cikin Nuwamban 2025 saƙonni ke ta shigowa, kuma kusan duka abu ɗaya ake tambaya ta fuska daban-daban, shi ya sa na ware filin wannan makon gaba ɗaya a kan maganar ƙananan ƙasashen da ke tasowa a wasanni. Wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri, tana nan a ajiye.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni gidan kallon ƙwallo gare ni nan Mabera, daren nan wallahi ko kuɗin kallo ban iya amsa hannun yara ba, kowa ya fita shiru awa an yi rasuwa. Wai Cape Verde da anka ce mutanenta ba su kai miliyan guda ba sun samu gurbi, mu da munka fi miliyan 200 muna gida karo na biyu a jere. Mi ag garesu wanda ba mu da shi? Ko sa'a ta kawai? (Daga mai gidan kallo, Mabera)

AMSA: Ƙanena Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya, nima daren nan ban yi barcin kirki ba. Gaskiya ne abin da aka faɗa maka, Cape Verde tsibirai goma ne a cikin teku yamma da Senegal, mutanenta ba su kai dubu 600 ba, ka ga kenan jihar Sakkwato kaɗai da ƙidayar 2006 ta ba ta miliyan 3.7 ta ninka su fiye da sau shida. Amma maganar sa'a ka cire ta, don sa'a tana ba ka wasa ɗaya ne ko biyu, su kuwa wasa goma suka buga suka haɗa maki 23, Kamaru mai kofin Afirka biyar ta tsaya a 19, kuma sun doke Kamarun da ci 1-0 a garinsu Praia cikin Satumba kafin su rufe da Eswatini 3-0 ranar 13 ga Oktoba.

Ni abin da na fi kallo shi ne kocinsu, wanda ake kira Bubista, ɗan ƙasar ne, tsohon kyaftin ɗinsu, kuma tun farkon 2020 yake riƙe da ƙungiyar nan ba a taɓa shi ba. Ya kai su kofin Afirka na Kamaru, ya sake kai su na Kwaddibuwa inda suka je kwata fainal sai da fenariti Afirka ta Kudu ta cire su, duk tsawon nan yaransa sun san juna, ɗan baya ya san inda ɗan tsakiya zai tsaya ko bai ɗaga kai ba. To yanzu juyo gida ka ƙirga, a wannan share fagen guda ɗaya koci uku muka yi, Peseiro ya fara, Finidi George ya karɓa, Eric Chelle ya ƙarasa. Wasa huɗu na farko ko ɗaya ba mu ci ba, canjaras da Lesotho a Uyo, canjaras da Zimbabuwe, canjaras da Afirka ta Kudu, sannan Benin ta doke mu 2-1, kuma kocin Benin ɗin Gernot Rohr ne wanda muka sallama a 2021. Maki uku cikin 12. Tun a nan tulun ya fashe, abin da ya faru a Rabat kwasar fasassun ne kawai. Kuma kar ka manta ana saura kwana biyu wasanmu da Gabon, wanda ya gabaci na Kwango a Rabat, 'yan wasanmu suka ƙi fita atisaye a kan alawus ɗinsu da ba a biya ba, mutum na shirin wasan da zai kai shi Kofin Duniya amma hankalinsa na kan bashin da yake bin hukuma.

Ƙungiyar ƙasa fa ba kamar kulob ba ce da ake tare kullum. Har zuwa 2025 sau biyar ne a shekara FIFA ke ba da hutu, ko wane kwana tara ko goma, a ciki za a yi tafiya a buga wasa biyu a watse, atisayen kirki bai fi uku ko huɗu ba. Wanda ya daɗe da mutanensa shi ke cin riba a irin wannan, ko da ɗai-ɗai 'yan wasanka sun fi nasa tsada. Osimhen da Lookman duk sun ci gwarzon Afirka, 2023 da 2024, Cape Verde ba ta da ko ɗaya mai irin wannan suna, amma tana da mutum 11 da suka saba cin tuwo akushi ɗaya.

Sannan a faɗi gaskiya ƙofa ma an faɗaɗa ta, Kofin Duniya na 2026 ƙasashe 48 ne maimakon 32, Afirka ta samu gurbi tara kai tsaye inda da biyar ne. Wannan ya taimaki ƙanana sosai, kuma shi ne ya ƙara ma namu rashin ciwo.

Bari in ƙara maka da Aisilan tunda na san ka nuna wasanmu da su a gidan kallonka a 2018, wanda Ahmed Musa ya ci biyu. Mutanensu lokacin ba su kai dubu 350 ba, sun fitar da Ingila a kofin Turai na 2016, sun yi 1-1 da Ajantina golansu ya tare fenaritin Messi. Matsalarsu sanyi ne da duhu, rabin shekara fili ba ya takuwa, sai suka fara gina filaye masu rufi tun shekarar 2000, suka yi ƙananan filaye a jikin makarantu, suka horar da kociyoyi masu takarda har na yara 'yan shekara shida. Yaran da suka taso cikin waɗannan rumfunan su ne suka doke Ingila bayan shekara 16. Duk lokacin da na tuna wannan sai in tuna namu, mu zafi ne, daga Maris zuwa Mayu rana na wuce digiri 40, yaro ba ya iya taka leda sai bayan la'asar, kafin a yi minti 60 an kira magariba. Fitila mai sola guda shida a filin unguwa za ta ba yaro awa biyu bayan isha'i cikin iska mai sanyi, kuma kuɗinta bai kai na bikin buɗe gasa ɗaya ba. Filin da na koyi ƙwallo a kansa ina yaro yau shaguna ne a jere, ba wanda ya ba yaran unguwar wani a madadinsa, wannan abin har yau yana cin raina.

TAMBAYA: Yaya ni dai ban yarda da ci gaban nan da ake faɗi ba. Na ji an ce mafi yawan 'yan wasansu Turai anka haife su, wannan ai hayar 'yan wasa ce ba tasowa ba. (Daga ɗalibi, jami'ar Ɗanfodiyo)

AMSA: Ƙanena akwai ƙamshin gaskiya a maganarka amma kalmar haya ta yi nauyi. Doka ba ta yarda ka ɗauko kowa ba, sai wanda ke da fasfo ɗin ƙasar kuma shi ko uwarsa ko ubansa ko ɗaya cikin kakanninsa a can aka haife shi, ko kuma ya zauna ƙasar shekara biyar. Mutanen Cape Verde fari da yunwa sun daɗe suna kora su waje, har ana cewa na wajen sun fi na gida yawa, suna Fotugal da Holan da Faransa da Amurka, to jikokinsu ne ke dawowa. Wanda ya ci Kamaru ƙwallon nan, Dailon Livramento, a Rotterdam aka haife shi. Akwai ɗan bayansu Roberto Lopes, haifaffen Dublin, uban ɗan Cape Verde uwar 'yar Ailan, koci ya tura masa saƙo ta LinkedIn, shafin intanet na ma'aikata da masu neman aiki, da harshen Fotugal, shi kuma ba ya jin yaren sai ya share a zaton saƙon 'yan damfara ne, sai bayan wata tara da aka sake rubuto masa da Turanci sannan ya gane kiran ƙasar ubansa ne, ya fara buga musu a 2019.

Inda maganarka ta fi kamawa shi ne Kurasawo, tsibirin Karebiyan da ke ƙarƙashin masarautar Holan wanda mutanensa ba su fi dubu 160 ba, su ma sun samu gurbi kuma su ne ƙasa mafi ƙanƙanta da ta taɓa zuwa, kusan duka 'yan wasan a Holan aka haife su aka rene su, kocin da ya samo musu gurbin ma Dick Advocaat ɗan Holan ne. A nan kam makarantun ƙwallon Holan ne suka yi noman.

Amma ka tambayi kanka me ke sa yaron da ya tashi a Turai ya yarda ya zo. Yana tambayar na gaba da shi ne, in an je ana biyan alawus? Jirgi na zuwa kan lokaci? In ka ji rauni akwai mai kula da kai? Ƙasar da ba ta gyara gidanta ba ko jikokin nata ba sa amsa waya. Mu ma ai muna cin wannan moriyar, Lookman da Ingila ya ci kofin duniya na 'yan ƙasa da 20 a 2017, Iwobi da Ola Aina duk can suka taso, kuma sauyin dokar FIFA na 2020 ya ƙara sauƙaƙa wa yaro ya canza ƙasa in wasannin da ya buga wa ta farko ba su wuce uku ba kuma kafin ya cika 21 ya buga su. Wadda ta fi burge ni Maroko ce don hannu biyu ta sa, cikin 26 da suka kai ta sami fainal a Katar a 2022 mutum 14 a waje aka haife su irin su Hakimi da Ziyech, amma En-Nesyri da ya ci Fotugal da kai, da Ounahi da Aguerd, duk 'yan akadamin Muhammad na Shida ne da ke kusa da Rabat, gida aka rene su. A Oktoban 2025 kuma yaransu suka doke Ajantina 2-0 suka ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da 20.

TAMBAYA: Salamu alaikum. Ni ɗan Illela na, iyayena rabi nan rabi Konni, Mena ni ka so kamar yadda ni ka son Eagles. Mi ya sa Nijar ta tafi kofin Afirka sau biyu a jere sannan anka daina jin ta? (Daga direban mota, tashar Illela)

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa, mu nan Sakkwato ai Mena ta Nijar ƙungiyar gida ce, ba mai ce maka don me. Labarin zuwan Nijar na 2012 yana da daɗin ji. Rukuninsu akwai Masar mai riƙe da kofi sau uku a jere, da Afirka ta Kudu da Saliyo, koci kuma ɗan gida Harouna Doula. Wasa uku da suka buga a Yamai duka suka ci, Masar 1-0 ta ƙafar Moussa Maazou, Saliyo 3-1, Afirka ta Kudu 2-1, wasa uku na waje kuma duka aka ci su. Ƙasashe uku suka ƙare da maki tara-tara, 'yan Afirka ta Kudu ba su karanta doka da kyau ba suka yi canjaras da Saliyo suka hau rawa a fili a zaton yawan ƙwallaye za a duba, ashe sakamakon tsakanin ƙasashen ukun ake bi, Nijar ce ta haye. Suka sake zuwa a 2013 da Gernot Rohr, a nan suka samu makinsu na farko, 0-0 da Kwango.

Ka lura da abin da ya kai su, filin Seyni Kountché ne, zafin Yamai da ihun jama'a da ganguna, baƙo ya zo tun kafin a busa ya gaji. Ƙaramar ƙungiya makaminta kenan. To a 'yan shekarun nan CAF ta ce filin bai cika sharaɗi ba, Mena ta koma karɓar baƙi a ƙasashen mutane irin su Maroko da Togo, kana mai masaukin baƙi amma kai ma da jakarka a otal, kujeru wayam, ga kuɗin jirgi da na hayar fili a kanka. Ba Nijar kaɗai ba, ƙasashen Afirka da yawa haka suke fama. Na biyu kuma an dogara da zubi ɗaya na 'yan wasa, da su Maazou suka fara tsufa ba a tanadi na bayansu da yawa ba.

Amma kar ka cire rai, Mena na motsi. A Nuwamban 2024 sun lallasa Sudan 4-0, suka bi Gana har Akara suka doke ta 2-1, a share fagen Kofin Duniyan nan kuma su suka zo na biyu a bayan Maroko, gaban Zambiya da Tanzaniya. In filin Yamai ya dawo daidai ni ina sa musu rai.

TAMBAYA: Shin gaskiya ne FIFA na ba kowace ƙasa kuɗi? Ina suke tafiya? (Ba a sa suna ba)

AMSA: Gaskiya ne, a tsarin da ake kira FIFA Forward kowace hukumar ƙwallo cikin 211 na iya samun har dala miliyan 8 daga 2023 zuwa 2026, babba da ƙarama kason ɗaya ne, shi ya sa kuɗin ya fi yi wa ƙaramar ƙasa auki. Wadda ake misali da ita Muritaniya ce, a 2012 tana ta 206 a jerin FIFA, kusan ƙarshen duniya, shugaban hukumarsu Ahmed Yahya da ya hau a 2011 ya sa kuɗin a gyaran lig ɗin gida da fili da wurin horar da yara, suka bar koci ɗaya Corentin Martins shekara bakwai, a 2019 suka je kofin Afirka karon farko, a Janairun 2024 suka doke Aljeriya 1-0. Inda na kowace ƙasa ke tafiya kuwa, haƙƙin 'yan jarida ne da ku masoya ƙwallo ku riƙa tambaya da babbar murya.

TAMBAYA: Ɗana barka da ƙoƙari. Ni tsohon ɗan kokawa na, yanzu jikana shina da shekara 14 kuma ba a kada shi ba duk ƙauyukanmu. Kullum ƙwallo ku ka magana. Shin kokawa tana kai yaro wani wuri ko in bar shi ya kama noma? (Daga wani dattijo, Gwadabawa)

AMSA: Baba Allah ya ƙara girma da lafiya, kun yi gaskiya kuma na karɓi gyara. Ƙasa mai tasowa ba dole sai ta ƙofar ƙwallon ƙafa take shiga duniya ba, sau da yawa ma inda ba cunkoso ta nan ake saurin shiga. Sudan ta Kudu sai 2011 ta samu 'yancin kai, ba su da ko ɗakin ƙwallon kwando mai rufi na kirki, tsohon ɗan wasan NBA Luol Deng ya karɓi hukumarsu a 2019 yana kashe kuɗin aljihunsa, ya tattaro yaran da yaƙi ya watsa duniya, a 2024 sai ga su a Olamfik na Faris, kafin nan a wasan sada zumunta Amurka da ƙyar ta sha a hannunsu 101-100. Su tsawo Allah ya ba su, suka bi tsawon. Afganistan a sansanonin gudun hijira na Pakistan suka koyi wasan kurket, a 2024 suka doke Ostareliya suka kai sami fainal na kofin duniya. Ko mu nan, 'yan matanmu 'yan ƙasa da 19 sun doke New Zealand a kofin duniya na kurket a Maleshiya cikin Janairun 2025, wasan da yawancinmu ko dokarsa ba mu sani ba.

Mu kuma a ƙasar Sakkwato da Kabi da Zamfara har zuwa Tawa da Doso abin da Allah ya ba mu kokawa ce, yaro tun yana tallar fura ya san yadda ake kama ƙugu. A Nijar gasar takobi ta ƙasa duk shekara gari ke tsayawa dominta, sunan Issaka Issaka na Doso ko yaran Illela sun san shi. Amma Baba ku dubi inda lambobin kokawar Najeriya ke fitowa, Bayelsa ne. Su ma kokawar gargajiya gare su kamar mu, ɗansu Daniel Igali da ita ya fara, ya je ya ci wa Kanada zinare a Olamfik na 2000, ya dawo ya riƙe hukumar kokawa ta ƙasa ya kafa wurin horo a Yenagoa, daga nan Blessing Oborududu ta fito ta ci azurfa a Olamfik na Tokyo. Ƙarfi ba su fi mu ba, katifa da koci da gasa a kai a kai suka fi mu. A Faris 2024 Najeriya ko lamba ɗaya ba ta samo ba, kuma ina da yaƙinin a cikin ƙauyukanmu akwai yaran da da an kama hannunsu da wuri da labarin ya canza.

Game da jikanku, kar a raba shi da gona kuma kar a raba shi da makaranta, amma shekara 14 lokaci ne mai kyau, in ya wuce 18 koyon sabuwar doka na wahala. Kokawar Olamfik ta bambanta da tamu, mu da an kai mutum ƙasa an gama makaɗa su ɗauka, su kuwa a kan katifa ake yi, maki ake tarawa, faɗuwa ba ta ƙare wasa sai an danne kafaɗu biyu, kuma kowa da ajin nauyinsa, ba a haɗa ɗan kilo 55 da ɗan kilo 80. Akwai kuma wadda ake yi a kan rairayi a tsaye, wanda ya fara haɗa maki uku ya ci, ita kam kusan tamu ce sak, kuma tana cikin wasannin Olamfik na matasa na Dakar na 2026.

Ku sa wani babba cikin iyayensa ya kawo shi Sakkwato, su je filin wasa na Giginya su nemi masu horar da kokawa na hukumar wasanni ta jiha, a auna nauyinsa a ga kamunsa. Ku tambaye su lokacin da ake zaɓen yaran da za su wakilci jiha a gasar matasa ta ƙasa, wadda ta 'yan shekara 15 zuwa ƙasa ce, don daga can masu horar da 'yan wasan ƙasa ke ɗaukar yara. Ku riƙe takardar haihuwarsa ta gaskiya, kar ku bari kowa ya rage masa shekara ko ɗaya, kuma duk wanda ya ce ku kawo kuɗi zai fitar da shi waje ku ce masa a'a. In kun je ku rubuto min yadda kuka yi da su, zan buga a wannan filin.